Haƙorin Iya Mai-Kurmi

Daga gaɓar Kwara har zuwa bakin Tafkin Cadi, babu harshe irin na Farfesa Hambali. Wannan ba kirari ba ne, magana ce tabbatacciya da ke rubuce a cikin littafi, kuma shi da kansa ya rubuta littafin.

Masu tonon ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe suna da wata 'yar dabara da ba su cika faɗa a gaban surukai ba. In suka tono abu suka rasa gane ƙashi ne ko dutse, sai su ɗora shi a kan harshe. Ƙashi yakan manne, dutse ba ya mannewa. Sauran malamai a ɓoye suke yi, su tofar, su kurkure baki. Farfesa Hambali kuwa ya mai da abin sarauta. Yakan jira sai an saita kyamara, ya gyara zaman hula, ya lumshe ido, ya lashi abin tun daga gindi har kai, sannan ya faɗi shekarunsa, da ko mace ce ko namiji, da irin baƙin cikin da ya kashe dabbar. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin duk waɗanda za su iya ƙaryata shi sun mutu tun kafin ɗan Adam ya san wuta.

Wata rana masu kwasar kashin jemage don taki suka kawo labarin cewa a can ƙuryar Kogon Ɗoyi akwai haƙora masu girman dunƙulen hannu. Kafin ma ya gani, Farfesa ya tara 'yan jarida ya shaida musu cewa goggon biri mafi girma da Allah ya taɓa halitta, wanda mutanen Sin suke taƙama da haƙoransa, asalinsa ɗan ƙasar nan ne, kuma zai kawo shaida kafin ruwan fari ya sauka.

Wanda ya ɗauki jakar kayan aiki shi ne mataimakinsa, Dakta Badamasi, dattijo mai tumbi da saurin gumi, wanda sunansa ya daɗe yana zama na biyu a duk takardar da ya rubuta shi kaɗai. Badamasi bai taɓa lasar ƙashi ba. Da ɗigon ruwa da madubin ƙara girman abu yake gwajinsa. A wurinsa harshe amana ne. Jami'a ta cinye masa ƙuruciya da gashin kai da buri, abu guda ta bar masa, shi ne daɗin abinci. Mutum ne da zai iya gaya maka garin da aka daka daddawa daga loma ɗaya, kuma ba ya kiran 'yan jarida a kai.

Wanda ya raɗa wa kogon suna bai yi ƙarya ba. Tun daga baki zarni ya tare su kamar mai gadi. Kashin jemage ya kai musu gwiwa, da ɗumi, yana motsi da kyankyasai. Badamasi ya toshe hanci da rawanin da ya naɗe wuya da shi, yana tafe yana istigfari. A ƙuryar ƙarshe tocilarsa ta haska wani abu a cikin laka, haƙorin tauna ne, rawaya, ya fi mangwaro girma, da baƙar dauɗa maƙale a gindinsa.

"Ranka ya daɗe, bari in wanke shi tukuna," in ji Badamasi.

"Wanka na masu shakka ne," in ji Farfesa. "Kunna wayarka ka ɗauka."

Ya gyara hular kwano, ya lumshe ido, ya zaro harshe ya lasa. Haƙorin ya manne. Ya ja, ya ƙi fita. Sai ƙasa ta yi gyatsa, ta buɗe baki ta haɗiye su, su da kashin jemagen duka.

Suka faɗo a tsakiyar wani zaure wanda ba a ganin ƙarshensa, yana da haske irin na hantsi ba tare da rana ba. Ko'ina ƙara ce ke tashi, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Beguwoyi ne, dubbai, kowace ta kai jaki girma, kowace ta rungumi ƙashi tana gwigwiya, garin ƙashi da yawu suna zuba ƙasa sun zama kunu. A gefe kuwa ga haƙora an tsiba su kamar dalar gyaɗa.

A kan wani ƙoƙon kai na karkanda wata tsohuwar beguwa take zaune, ƙayoyinta sun yi fari fat. Ta ɗaga ƙafa, gwigwiya ta tsaya.

"Ni ce Magajiya Ƙaya, uwar ma'aji," in ji ta. "Ku masu tafiya da ƙafa biyu, wane ne a cikinku ya aikata wannan ƙazanta?"

Farfesa ya so ya gabatar da kansa, amma haƙorin na manne da harshensa, abin da ya fito bai wuce kukan ɗan maraƙi ba. Magajiya ta miƙa ƙaya ɗaya ta ɓamɓare shi, da 'yar fata a jiki.

"Ki gafarce mu, ranki ya daɗe," in ji Badamasi, ya durƙusa a cikin kunun ƙashi. "Aikinmu ne haka. Mu malamai ne."

"Mu ma aikinmu ne," in ji Magajiya. "Duk jinsin da ya ƙare a bayan ƙasa, mu muke janyo gawarsa cikin kogo. Mu cinye ƙashi, mu bar haƙori, domin haƙori shi ne shaida. Amma ba ma lasarsa. Ko kura ba ta lasarsa. A cikin haƙori yunwar mai shi take barci, kuma wannan na Iya Mai-Kurmi ne, ta ƙarshe a jinsinta, wadda ba a taɓa yin mai yunwa irin tata ba. Kun tashe ta. To ga hukunci: harshe ya ɗanɗani namu, ɗanɗanon harshe zai zauna a nan. Ku kai mata haƙorinta, ku ciyar da ita da abin da harshe ya tara. In ta ƙoshi, ƙofa za ta buɗe. In ba ta ƙoshi ba, muna da haƙuri, kuma ƙashinku sabo ne."

Badamasi ya rufe bakinsa gam. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ya daɗe a jami'a, ya san cewa a can tsuntsun yakan zo da lema, mataimakinsa ne ke jiƙewa.

Farfesa ya share jinin harshensa, ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya saboda ilimi. Ita wannan Iya, 'yar ƙasar nan ce ko?"

"Daga kogunan ƙasar Sin kakata ta janyo haƙorin, ta ramukanmu. A ƙarƙashin ƙasa ba a tambayar biza."

"Ka ji ko, Badamasi?" in ji Farfesa. "Ta tabbatar da bakinta cewa a nan aka same shi."

Aka nuna musu rami, suka bi, Badamasi na ɗauke da haƙorin a cikin jaka. Ba su yi nisa ba suka iske wani kogi, fari, mai kumfa, yana tafiya a hankali yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. A bakinsa wata kura ce tsaye, irin ta zamanin da, wuyanta kamar turmi, riƙe da sandar tuƙi. Jirginta ƙoƙon kan giwa ne da aka kifar, hauren na gaba.

"Maraba da baƙi masu nama a jiki," in ji kura. "Wannan shi ne Kogin Yawu. Duk dabbar da ta mutu tana kallon abincin da ba ta kai gare shi ba, nan yawunta yake malalowa. Ku shigo, amma wanda ya haɗiyi ko ɗigo, zai yi ta dalala har tashin duniya."

Suka shiga. Da suka kai tsakiya sai jirgin ya karkata, kuma abin mamaki ta wajen Farfesa ya karkata, alhali shi siriri ne kamar sillen kara. Kura ta sunsuna kansa ta ja da baya.

"Na haye da giwaye, na haye da dorina," in ji ta, "ban taɓa ɗaukar iska mai nauyi haka ba. Dole ɗaya ya sauka, ko mu nutse."

"Magana ce ta lissafi," in ji Farfesa. "Badamasi, kai ne mai tumbi."

"Ranka ya daɗe, ai ta wajenka yake nutsewa."

"Shi ya sa nake so in zauna in binciki dalili."

Badamasi ya sauka. Yawun na da ɗumi, ɗumin bakin wani. Ya kai masa haɓa. Ya riƙe hauren giwa da hannu biyu, ya dantse leɓɓansa, yana numfashi ta hanci, kumfa na fashewa a gefen kunnensa da ƙarnin tsohuwar yunwa. Daga sama Farfesa yana ba shi shawara a kan yadda ake iyo. Da suka isa gaɓa ya fito yana ɗiga zare-zare, bai yarda ya buɗe baki ba sai da ya goge fuskarsa da yashi har ta yi ja.

Gaba kaɗan hanya ta ƙare a jikin wata ƙofa. Ba ta itace ba ce, ba ta ƙarfe ba. Muƙamuƙi ne, sama da ƙasa, tsayinsa ya fi ganuwa, an jera masa haƙoran kowace irin dabba: na alade, na barewa, na damisa, na waɗanda ba su bar magaji ba. Ƙofar ta yi numfashi, Farfesa ya ja da baya ya ciro hankici.

"Ku tsaya nan, 'yan jiya," in ji ƙofa ta tsakanin haƙoranta. "Tun da aka kafa ni ba a yi mini asuwaki ba. Ba na buɗe baki a gaban baƙi da wannan hali, ina da kunya. Wanda ke son wucewa ya goge ni."

"Wannan aikin tattara samfuri ne," in ji Farfesa ta cikin hankici, "kuma ni a ƙa'ida mai dubawa ne."

Badamasi ya karyo reshe, ya tauna bakin reshen, ya hau. Abin da ya fito daga tsakanin haƙoran nan, alƙalami yana ƙyamar rubuta shi. Wani baƙi ne kamar kwalta, wani kore, wani yana da gashi. Yana sakacewa yana kakarin amai. Amma malami malami ne ko a cikin masai. Ya lura cewa a layin ƙasa, inda tsofaffin haƙora suke, 'ya'yan ɓaure ne da ƙwallayen 'ya'yan itace da ganye mai laushi. Yana hawa sama, 'ya'yan itace na raguwa, zaren gora na ƙaruwa. A layin ƙarshe babu komai sai ciyawa da ƙasa da ɓawon itace. Ya ji haushin kansa da ya ga abin ya burge shi.

"Alhamdu lillahi," in ji ƙofa, ta wangame baki. "Ku wuce da sauri kafin in yi atishawa."

Bayan ƙofar kurmi ne. Itatuwa sun haɗe kai sun rufe sama, ruwa na ɗiga daga ganye, 'ya'yan itace na faɗowa suna ruɓewa a ƙasa don ba a iya cinye su. Giwaye masu haure har yana jan ƙasa suna wucewa a natse. Ga wata dabba mai guntuwar hanci, kamar an fara yin giwa aka fasa. Ga wata kuma baƙi da fari, zaune ta miƙe ƙafa tana tauna gora kamar mai jiran fansho. Duk wadda suka wuce, Farfesa sai ya nuna ta da yatsa ya raɗa mata suna da Latin, kuma ta kowace hanya sunan ya bi, da Hambali yake ƙarewa. Wani tsohon aladen daji ya tsaya ya ce, "Bawan Allah, ina da suna tun kafin a yi kakanka." Farfesa ya ce sunan da ba a buga a mujalla ba ba suna ba ne.

A wannan ƙasa tafiya ita ce zamani. Kowane taku, kurmin na tsufa. Rufin ganye ya fara yagewa, zafi ya shigo. Ruwan da ke ɗiga kullum ya koma zuwa da tafiya, ya zo da yawa, ya ɓace da daɗewa. Itatuwa masu 'ya'ya suka yi ta ja da baya, ciyawa na cin wurinsu. Giwayen suka ragu, ɓauna da barewa suka yawaita. Ƙananan birai suka haye can ƙololuwa suna cin toho da ƙwari, suna leƙo ƙasa. Daga nan sai fili, da busasshen itace guda ɗaya a tsakiya, da wani tudu ja a gindinsa.

Tudun ya motsa.

Ashe goggon biri ce, mace. A zaune take, amma kanta ya fi rufin soro. Gashinta ja ne, ya zube a wurare, fata ta saki tana lilo kamar tsohon buhu. Kaska masu girman kwaɗo sun yi layi a wuyanta, su ma sun rame. Tana ɓare ɓawon itacen da farce, tana turawa gefe ɗaya na baki, tana tauna, tana tauna, ba ta haɗiyewa. Warin bakinta ya iso kafin muryarta.

"Na ji harshe a kan haƙorina," in ji Iya Mai-Kurmi. "Na ɗauka tsutsa ce."

Farfesa ya matsa gaba ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, wanda ke gabanki shi ne Farfesa Hambali, shugaban sashe, tsohon shugaban tsangaya, mamba a majalisar dattawan jami'a, mai lambar yabo ta..."

"A cikin waɗannan wanne ake ci?"

Farfesa ya koma bayan Badamasi ya tsaya, abin da ba a taɓa gani ba a bayan ƙasa.

Badamasi ya ciro haƙorin ya ajiye a gabanta da hannu biyu. Ta dube shi kamar yadda ake duban tsohon gida.

"Ba mashi ne ya kashe mu ba, 'yan ƙanana," in ji ta. "Ba damisa ba. Damina ce ta fara saɓa alkawari. Da can, in na miƙa hannu, abin da ya faɗo ciki zaƙi ne. Sai aka fara yin watannin da babu. Ƙananan 'yan'uwana suka hau sama, suka koyi cin abin da suka samu. Ni na yi wa reshe nauyi, na yi wa tafiya nauyi, na yi wa sabon hali nauyi. Na zauna a gindin itace ina jiran kurmi ya tuna wace ce ni. 'Ya'yana suka mutu da ɓawo a baki. Na yi barci da yunwata a haƙori, na huta, sai ga wani ya zo da yawunsa. Ina mai harshen?"

"Ga ni," in ji Farfesa, ƙarfin halinsa ya dawo. "Kin yi sa'a, Iya. Daga Kwara har Cadi babu irinsa."

Ya zaro shi. Ta miƙo yatsa, baƙi, mai kaushi, da ragowar ɓawo a ƙarƙashin farce, ta dangwala a kai, ta kai bakinta ta tsotsa. Fuskarta ta yamutse. Ta juya gefe ta yi kakari har busasshen itacen ya girgiza, kaska biyu suka faɗo.

"Tir!" in ji ta. "Mene ne wannan? Shayi mai sanyi a ɗakin taro. Goron da aka tauna ana jiran a yi tafi. Sauran duk sunansa ne, sunansa, sunansa, ya yi tsami don maimaitawa. Wannan bawan Allah ya yi shekaru yana cin abinci bai taɓa jin ko loma ɗaya ba, yana magana. Ɓawona ya fi wannan. Ɗauke mini shi!"

Farfesa ya mai da harshensa, ya juyo yana murmushi. "Ka gani, Badamasi? Ya fi ƙarfin cikinta."

Amma Badamasi ba shi yake kallo ba. Iya yake kallo, ita ma shi take kallo, hancinta na buɗewa yana rufewa. A bayansu, can nesa, ya fara jin ƙurus, ƙurus, ƙurus.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ni ban lasa ba. Wallahi tun da na fara aikin nan ban taɓa lasa ba."

"Na sani, ɗan ƙanena. Shi ya sa naka yake da amfani."

"Amma adalci..."

"Magajiya ta ce harshe. Ba ta ce na wa ba. Ni ba alƙali ba ce, mayunwaciya ce. Ba zan ƙwata ba. In ka hana, ku zauna, itacen ya ishe mu mu uku kafin beguwoyi su iso."

Badamasi ya dubi filin. Ya dubi Farfesa, wanda ya riga ya fara auna tafin ƙafarta da takalminsa. Ya tuna yana da iyali a bayan ƙasa, da ɗalibai da ba wanda zai duba musu aiki in ba shi ba.

"A bar mini ko ɗanɗano guda ɗaya," in ji shi. "Ko na ruwan randa."

"Da ina da ragi, da na yi wa 'ya'yana."

"Badamasi, kada ka ja mana lokaci," in ji Farfesa. "Sadaukarwa ce saboda ilimi. Zan ambace ka."

Dakta Badamasi ya cire hular kwano ya ajiye a ƙasa. Ya yi bisimilla, don bai san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba. Ya buɗe baki.

Yatsan na da ɗaci da ƙasa-ƙasa. Ta ɗora, ba ta ɗauke ba. Ya ji suna fita ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zare zare daga tsohuwar riga. Ɗanwake da mai da yaji ya fita. Kilishin tasha ya bi shi. Masa mai zafi a ganye, dambun nama, fura da nonon da aka dama a ƙwarya sabuwa, ƙanzon tuwo da safe. Iya ta lumshe ido, kumatunta na cikowa.

"Me kuke yi wa hatsi haka?" ta ce a hankali. "Wuta? Kuna sa wa abinci wuta? Kai, 'yan ƙanana, ashe ba a banza kuka gaje duniya ba."

Na ƙarshe da ya fita wani kunun tsamiya ne da mahaifiyarsa ta ba shi a ludayi yana yaro, ranar da zazzaɓi ya sake shi. Shi kansa bai san yana nan ba sai da ya ji tafiyarsa.

Iya ta ɗauke yatsa. Ta yi gyatsa doguwa, ta jingina da itace.

"Na ƙoshi," in ji ta. "A jinsinmu ba a karɓa a bar hannu wofi. Na bar maka nawa ɗanɗanon, shi kaɗai gare ni."

Ta tofar da ɓawon da ke bakinta, ta kwanta a gefe ɗaya kamar tsohuwar katanga, ba ta ƙara motsi ba. Beguwoyi suka iso a jere, suka wuce mutanen biyu ko kallo, suka kama aiki. Magajiya Ƙaya ta shuri haƙorin da ƙafa zuwa gaban Farfesa.

"Ɗauki, babu komai a cikinsa yanzu. Ga rami can, yana fita bayan dutsenku. Kada in ƙara ganin yawunku."

Farfesa ya naɗe haƙorin a hankici. Suna hawa ramin ya lura Badamasi na ta motsa baki yana yamutsa fuska.

"Me kake ji?"

"Ɓawon itace, ranka ya daɗe."

Farfesa ya tsaya cak, idonsa ya yi haske. "Wane iri? Da ɗaci ko da bauri? Akwai ƙasa a ciki? Ɗanye ne ko busasshe? Yi a hankali, bari in kunna waya."

Badamasi ya faɗa masa. Bauri ne da farko, sai ɗaci a maƙogwaro, sai yashi a tsakanin haƙora, da ɗan tsamin ganyen da ya bushe a kan reshe. Har suka fito hasken rana yana faɗa, Farfesa na cewa, "Madalla, daidai da abin da na zata."

Laccar da Farfesa Hambali ya gabatar kafin saukar ruwan fari ta cika babban ɗakin taro har waje. Ya ɗaga haƙorin sama, ya bayyana wa duniya abincin ƙarshe na goggon biri mafi girma, da baurinsa da ɗacinsa da yashinsa, dalla-dalla, yadda harshensa ya gaya masa daga lasa ɗaya. Mutane suka miƙe tsaye. Ya cika alkawari kuma, ya ambaci Badamasi, tsakanin masu jera kujeru da mai kula da janareta.

Aka shirya walima a gidan Farfesa. Da yake kowa a sashen ya san hannun Uwani, matar Badamasi, sai aka roƙe ta ta yi miyar, kuma roƙon shugaban sashe ba a mai da shi. Badamasi ya dawo daga lacca ya same ta a tsakar gida a gaban babbar tukunya, taushe na tafasa, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu.

"Yawwa Malam, gara da ka zo," in ji ta. Ta ɗebo a ludayi, ta hura, ta miƙa masa, kamar yadda ta saba tun suna ɗaki ɗaya a gidan haya. "Taɓa mini. Me ya rage?"

Ya karɓa. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ɗan dubi sama yadda yakan yi. Bauri, sai ɗaci, sai yashi.

"Babu abin da ya rage," in ji shi. "Ta yi daidai."

Uwani ta tsaya da murfin tukunya a hannu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, ban zuba gishiri ba tukuna."

"To zuba," in ji Badamasi. Ya shanye sauran abin da ke cikin ludayin, ya miƙa mata, ya tafi ya buɗe bayan mota don a jera kulolin.